Koyon Tuƙin Jirgin Sama a Ƙasashen Waje: Tantancewar Tsaro Daga Sakatariyar Ƙaramar Hukuma Take Farawa

A cikin watan Disamba na shekarar 2025 an yi abubuwa biyu da suka shafi jama'ar kudancin Jihar Sakkwato, amma ɗaya ne kawai daga cikinsu ya cika bakin mutane a kasuwanni da majalisun hira. Wannan kuwa shi ne abin da ya auku a daren Alhamis 25 ga watan, lokacin da sojojin Amurka, bisa amincewar Gwamnatin Tarayya, suka kai hari ta sama a kan wuraren da aka ce maɓoyar 'yan ta'adda ce a Ƙaramar Hukumar Tangaza, har wasu ɓaraguzan makaman suka faɗo a Jabo da ke Ƙaramar Hukumar Tambuwal. Allah ya kiyaye, ba a yi asarar rai a Jabo ba, sai dai sunan garin ya zagaya duniya cikin yini ɗaya ta hanyar da mutanensa ba su nema ba.

Abu na biyu ya riga wannan da kwana tara, kuma ba shi da ƙara ko hayaƙi, shi ya sa ba kowa ya lura da shi ba. A ranar 16 ga Disamba Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata sanarwa wadda ta sanya Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa 'yan ƙasarsu shiga Amurka, ta kuma fara aiki daga 1 ga Janairu 2026. Daga cikin bizar da aka dakatar da bayarwa har da ta karatu iri uku, wato F da M da J. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ma abin ya fi tsanani a kanta, domin ita an rufe mata ƙofar ce gaba ɗaya. Dalilan da sanarwar ta bayar game da Nijeriya guda biyu ne: na farko, wahalar tantance mutanen da suka fito daga yankunan da ƙungiyoyin ta'adda ke yawo a cikinsu, na biyu, yawan waɗanda ke wuce wa'adin bizarsu ba su dawo gida ba, wanda aka ce ya kai kusan kashi 12 cikin ɗari a tsakanin masu bizar karatu.

Mai karatu a Kuchi ko Sanyinna yana iya tambaya, ina ruwan manomi da bizar Amurka? Amsar ita ce, bizar M ita ce wadda aka saba ba wa masu zuwa koyon sana'a, kuma da ita ce akasarin baƙin da ke koyon tuƙin jirgin sama a makarantun Amurka suke shiga ƙasar. Tuƙin jirgi kuwa ya daina zama mafarkin 'ya'yan manya kaɗai tun shekarar 2013, lokacin da Gwamnatin Jihar Kano a zamanin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta ɗebi matasa 100 ta tura su ƙasar Jodan domin su koyi wannan aiki. Tun daga lokacin, duk yaron da ya raka mahaifinsa filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na III lokacin jigilar alhazai, ya ga matuƙi ya fito da fararen kaya, yana da damar ya ce shi ma yana so. Abin da ya kamata iyayensa da shugabanninsa su sani shi ne, a yau kuɗi da ƙoƙarin karatu ba su isa su kai shi ba. Akwai bincike a gaba, kuma takardun da za a bincika a nan gida ake rubuta su.

Domin a fahimci yadda aka zo nan, tilas a koma ranar 11 ga Satumba 2001. Mutum 19 ne suka ƙwace jiragen fasinja huɗu a Amurka, kuma waɗanda suka riƙe akalar jiragen a makarantun ƙasar suka koyi tuƙi, da kuɗinsu, a bainar jama'a. Biyu daga cikinsu, Muhammad Atta da Marwan al-Shehhi, sun yi karatu ne a wata makaranta mai suna Huffman Aviation a Jihar Florida. Abin da ya ƙara kunyata hukumomin Amurka shi ne, a watan Maris 2002, wata shida cif bayan mutanen nan sun mutu tare da dubban jama'a, sai ga wasiƙa daga hukumar shige da fice ta iso makarantar tana sanar da cewa an amince da buƙatarsu ta zama ɗalibai. Ba a daɗe ba aka rushe hukumar a shekarar 2003, aka mayar da ayyukanta ƙarƙashin sabuwar ma'aikatar tsaron cikin gida.

Tun a watan Nuwamba 2001 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta hana koya wa baƙo tuƙin jirgin da nauyinsa ya kai fam 12,500, wato kimanin kilo 5,700, sai an bincika shi. A shekarar 2004 aikin ya koma hannun hukumar tsaron sufuri da ake kira TSA, aka kuma faɗaɗa shi ya haɗa da masu farawa da ƙananan jirage. A shekarar 2024 aka sake gyara tsarin, ta yadda tantancewa guda za ta yi wa ɗalibi amfani har shekara biyar maimakon a riƙa maimaita ta a kowane mataki na karatu.

Ke nan ƙofofi uku ne a jere, kuma wuce ɗaya ba ya nufin an wuce sauran. Ta farko ita ce makaranta, wadda dole ta kasance tana da izinin karɓar baƙi, ita ce kuma za ta aiko da fom ɗin da ake kira I-20. Ta biyu ita ce ofishin jakadanci a Abuja ko ƙaramin ofishinsa a Legas, inda ake ganawa da ɗalibi ido da ido, a ga shaidar cewa akwai kuɗin da zai riƙe shi, a kuma gamsu cewa zai dawo gida. Ta uku ita ce ta TSA, inda ake ɗaukar zanen yatsunsa, a karɓi hoton fasfonsa da bizarsa, a nemi duk sunayen da ya taɓa amsawa da wuraren da ya zauna, sa'an nan a gwada su da jerin sunayen waɗanda ake nema. Ko ɗalibi ya riga ya sauka a Amurka ya biya kuɗin makaranta, malami ba zai fara ba shi darasin neman lasisi ba sai wannan amsa ta fito. Bizar yawon buɗe ido ba ta halatta wannan karatu, kuma izinin zama a kan bizar M shekara ɗaya ake bayarwa da farko, ana iya ƙarawa amma jimilla ba ta wuce shekara uku.

Mu 'yan Nijeriya mun fara ɗanɗana wannan bincike sosai ne bayan 25 ga Disamba 2009, lokacin da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a cikin jirgin da ya tashi daga Amsterdam zuwa Detroit. A watan Janairu 2010 aka sa Nijeriya cikin jerin ƙasashe 14 da ake yi wa matafiyansu bincike na musamman, duk da cewa mahaifin yaron da kansa ne ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja tun a watan Nuwamba ya yi gargaɗi a kan ɗansa. An janye jerin a watan Afrilu na wannan shekara. A farkon 2020 aka hana 'yan Nijeriya bizar zama dindindin, Shugaba Joe Biden ya soke hanin a watan Janairu 2021. A watan Yuli 2025 aka rage wa'adin yawancin bizar 'yan Nijeriya zuwa wata uku da shiga sau ɗaya, kafin a kai ga sanarwar Disamba. Wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa ƙofar tana buɗewa tana rufewa ne gwargwadon wanda ke mulki a can. Abin da bai taɓa ja da baya ba tun 2001 shi ne zurfin tambayoyin da ake yi wa mai nema.

Ko kakin soja bai kuɓutar da kowa ba. A ranar 6 ga Disamba 2019 wani hafsan sojan saman Saudiyya da ke samun horo a sansanin Pensacola ya harbe mutum uku, kuma bayan binciken da aka yi, aka mayar da ɗaliban Saudiyya 21 gida, akasarinsu saboda abubuwan da aka gani a shafukansu na sada zumunta da na'urorinsu. Matuƙan Sojan Saman Nijeriya da suka koyi sarrafa jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, waɗanda suka fara isowa ƙasar nan a shekarar 2021, a sansanin Moody da ke Jihar Jojiya aka horar da su, kuma dokar Amurka ta tanadi cewa ba a ba sojan wata ƙasa horo sai an bincika shi da rundunarsa.

Wani zai ce to a bar Amurka mana, duniya da faɗi. Gaskiya ne, kuma 'yan Nijeriya da yawa Afirka ta Kudu suke zuwa saboda sauƙin kuɗi da kyawun yanayi. Amma can ma bizar karatu ba ta fita sai da takardar shaidar 'yan sanda cewa mutum ba shi da tabon laifi, da rahoton likita. Ingila tana neman gwajin tarin fuka daga duk ɗan Nijeriyar da zai zauna fiye da wata shida, kuma a Turai ba a ba mutum katin shiga harabar jirage sai an bi tarihinsa na shekaru biyar. Hanyoyin sun bambanta, tambayar ce ba ta canjawa: wane ne wannan, yaushe aka haife shi, ina ya zauna, wa zai tsaya masa?

A nan ne maganar ta dawo Tambuwal da Kebbe. Jami'in da ke zaune a Abuja ko Washington bai san Dogon Daji ba, bai san Girkau ko Margai ba, ba zai kuma taɓa zuwa ya tambayi mai unguwa halin yaro ba. Takarda yake karantawa. Fasfo yana dogara ne a kan lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, ita kuma lambar tana dogara a kan abin da aka faɗa wa mai rajista ranar da aka yi ta, wanda sau da yawa ba ya wuce takardar rantsuwar shekaru da aka yi a kotu da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Idan tushen nan ya karkace, duk ginin da aka ɗora a kai ya karkace.

Duk wanda ya yi aiki a sakatariya ya san yadda abin yake. Yaro ɗaya, a takardar firamare sunansa Mamman Garba, a takardar jarrabawar WAEC Muhammad Abubakar, a katin NIN kuma Mohammed Abubakar Tambuwal, domin ranar rajista ya ga ya dace ya ƙara sunan garinsu. A wurinmu babu wani ruɗani, kowa ya san Mamman shi ne Muhammadu, Garba shi ne Abubakar. A wurin kwamfutar da ke gwada sunaye kuwa mutum uku ne, kuma mutumin da ke da suna uku abin tuhuma ne. Bugu da ƙari, sunayenmu irin su Muhammad da Abubakar da Usman da Ibrahim miliyoyin mutane ne ke amsa su a faɗin duniya, ciki har da waɗanda ake nema ruwa a jallo. Abin da ke raba ɗanmu da mai laifin da suka yi tarayya a suna shi ne ranar haihuwa da wurin haihuwa. To ina amfanin ranar haihuwa idan rabin 'yan aji guda duk an rubuta musu 1 ga Janairu?

Sai kuma al'adar rage shekaru. Ana yin ta ne da kyakkyawar niyya, wai domin kada yaro ya wuce shekarun bautar ƙasa ko na ɗaukar aiki, kuma jami'in da ya taimaka aka yi ta yana ganin alheri ya yi wa ɗan'uwa. A dokar shige da fice ta Amurka, wanda aka kama ya faɗi ƙarya da gangan a kan wani muhimmin abu domin samun biza, haramcin da ke hawa kansa na har abada ne. Fom ɗin neman biza yana ajiye a na'ura, zanen yatsu ma haka, saboda haka abin da mutum ya rubuta yana ɗan shekara 19 zai tarar da shi yana jiransa yana ɗan shekara 40. Su kansu ƙa'idojin tuƙin jirgi a kan shekaru aka gina su: bisa tsarin hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ba a ba da lasisin farko sai mutum ya cika shekara 17, na tuƙin haya sai 18, na jan ragamar babban jirgin fasinja sai 21 tare da awa 1,500 a sama. Wanda aka rage masa shekara uku, shekara uku aka ƙara masa na jira.

Maganin wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi mai yawa. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita doka ta ɗora wa rajistar haihuwa, tana kuma da ma'aikata a ƙananan hukumomi. Jaririn da aka yi wa rajista a makon sunansa, da suna ɗaya da rana ta gaskiya, an yi masa tanadin da ya fi ragon suna daɗewa. Iyayen ƙasa da hakimai da limamai, waɗanda ba a raɗa suna a ƙasarsu ba tare da sun sani ba, su ne suka fi kowa damar tunatar da magidanta. Shugabannin makarantu kuma, tun daga firamaren ƙauye har zuwa Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Tambuwal, ya kamata su riƙa kwafo sunan ɗalibi daga takardar haihuwarsa harafi da harafi, su daina rubuta abin da kunne ya ji. Na ambaci makarantar 'yan mata da gangan, domin babu wata ƙa'ida ta ICAO da ta ce kujerar matuƙi ta maza ce.

Akwai wata sabuwar takarda wadda babu jami'in da ke sa mata hannu, yaron da kansa yake rubuta ta kullum da wayarsa. Tun shekarar 2019 fom ɗin bizar Amurka yake neman sunayen da mutum ya yi amfani da su a Facebook da sauran shafukan sada zumunta cikin shekaru biyar da suka wuce, kuma a watan Yuni 2025 aka umurci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu kowa ya gani. Matashin da ke tura bidiyon ɗan bindiga yana alfahari da makami, ko da don mamaki ya tura, ko don ya gargaɗi abokansa, ya sani cewa mai binciken ba zai tambaye shi niyyarsa ba. Ga ɗan yankin da sunansa ya fito a labaran duniya tare da kalmar ta'addanci, ko da bisa kuskure ne kamar yadda mutanen Jabo suka yi ta bayyana wa manema labarai, wannan nauyi ya ninka.

Dangane da waɗanda ke da alhakin zaɓen ɗalibai da biya musu kuɗi, labarin Kano yana da darasi ta fuska biyu. Matasan sun je Jodan, sun yi karatu, sun dawo da lasisi a shekarar 2015, wanda ya nuna cewa ɗan talakan Arewa yana iya wannan aiki idan an ba shi dama. Amma da yawa daga cikinsu sun shafe shekaru ba su hau kujerar matuƙi ba. Lasisin ƙasar waje sai Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ta mayar da shi na gida. Bayan haka kamfani ba ya ɗaukar matuƙi sai yana da horo na musamman a kan nau'in jirgin da kamfanin ke aiki da shi, horon da ake biya da dubban daloli, kuma wanda bai kai awa 300 a sama ba yana gogayya ne da waɗanda suka yi dubbai. Ga shi kuma takardar lafiya da gwajin ƙwarewa suna da wa'adi, idan mutum ya zauna a gida sai su mutu. Duk hukumar da za ta ɗauki nauyin irin wannan karatu ba tare da ta yi lissafin waɗannan matakai ba, ta sayi doki ne ta manta da sirdi. Lissafin ma ya ƙara nauyi tun da aka saki farashin Naira a watan Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a shekarar 2024.

A ganina, wannan ya isa dalilin da zai sa a fara duban gida. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama da ke Zariya tun shekarar 1964 aka kafa ta tare da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ita ce ta yaye da yawa daga cikin matuƙan da suka yi ta kai iyayenmu Jidda. Akwai kuma wadda Gwamnatin Jihar Kwara ta kafa a Ilori. Ɗan Kebbe ba ya buƙatar biza kafin ya je Zariya, kuma lasisin da zai samu a can na NCAA ne kai tsaye. Abin da ake nema daga gare shi shi ne kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks, da lafiyar ido da kunne da zuciya wadda likitan da hukuma ta amince da shi zai tabbatar. Turancin ma ba na cin jarrabawa kawai ba ne, domin tun 2008 ICAO ta wajabta wa matuƙan da ke ƙetare iyakoki su kai mataki na huɗu a iya magana da hasumiyar filin jirgi. Wanda ya gama a Zariya, idan daga baya wani kamfani irin su Max Air ko Rano Air ya tura shi ƙarin horo a waje, zai je ne da lasisi a hannu da kamfani a bayansa, kuma irin wannan fayil ya fi sauƙin karantawa a kan na yaron da ya fito daga sakandare jiya.

Abu na ƙarshe da ya kamata a faɗa a fili shi ne batun dillalai. Duk lokacin da ƙofa ta ƙuntata, masu cewa sun san taga sukan yawaita, kuma iyaye kan sayar da gona ko shanu su miƙa musu. Babu wani ɗan kasuwa a Sakkwato ko Abuja da ke da ikon sauya amsar TSA ko ɗage sanarwar shugaban wata ƙasa. Takardar shaidar hali daga Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya ake nemanta, kuma sai an ɗauki zanen yatsun mai ita. Fasfo daga ofishin Hukumar Shige da Fice yake fita, kuma akwai shi a cikin garin Sakkwato. Duk magidancin da aka kawo wa takardar wata makarantar waje, ya fara kai ta ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsa ko hukumar ba da tallafin karatu ta jiha a duba masa kafin ya kwance ko akuya ɗaya daga turke. Idan kuwa akwai saɓani tsakanin sunan yaro a takardar haihuwa da na katin NIN, lokacin gyara shi ne kafin a yi masa rajistar jarrabawar fita sakandare, domin daga ranar da WAEC ko NECO ta buga suna a kan takardar sakamako, gyaran ya koma na rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida, kuma duka biyun za su shiga cikin fayil ɗin da mai tantancewa zai buɗe.